Teburin Maɗaci da Ya Tsage a Hunturu: Yadda Wani Shagon Kafinta a Kano Ya Gano Bakin Zaren

Shagon da mai shi

Shagon yana cikin birnin Kano, rumfar kwano ce mai faɗi da ɗan ɗakin ajiyar kayan aiki a baya. Mai shagon ya haura shekara 20 yana kafinta, yana da yara biyar a ƙarƙashinsa. Na daɗe da saninsa, sana'armu ɗaya, kuma da izininsa nake ba da wannan labari, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Mafi yawan aikinsa kayan ɗakin amare ne: gado, wadrop, madubi, kujerun falo. Kusan duka da allon MDF da fulawud yake yin su, katako na gaske sai a ƙafafu da firam ɗin ciki. Wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Fulawud siraran shafuka ne da aka manna, kowane ya gitta na ƙarƙashinsa, MDF kuma garin katako ne da aka matse da gam. Dukansu ba su cika faɗaɗa ko tsukewa da canjin yanayi ba. Wanda ya saba da su, hannunsa ya saba da shafa gam ko'ina da buga ƙusa ko'ina, kuma aikin ya zauna lafiya.

A damina wani Alhaji ya ba shi aikin teburin cin abinci na mutum takwas, da kabad mai ƙofa biyu da durowa uku. Sharaɗinsa ɗaya ne: zallar maɗaci yake so, kada a sa masa allo. Tebur za a fara yi, kabad ya biyo baya.

Agusta zuwa Satumba, shekarar farko: sayen katako da haɗa tebur

Ya sayi falankai masu kaurin inci 2 domin saman tebur, da wasu masu inci 1 domin kabad. Kamar yawancin katakon da ake sayarwa a Kano, daga kudu aka yi lodinsa. Bai auna danshinsa ba, ba shi ma da abin aunawa. Daga baya babban yaronsa ya tuna cewa falankan sun yi nauyi a kafaɗa, suna da sanyi in an ɗora tafin hannu, kuma garin da zarto ke fitarwa yana dunƙulewa a hannu maimakon ya watse.

Cikin mako uku aka gama. Saman teburin falanki biyar ne da aka manna gefe da gefe, kowane faɗinsa santimita 20. Jimlar faɗi santimita 100, tsawo 240, kauri 4. A kowane ƙarshe ya gitta wani katako mai faɗin santimita 10 domin ya rufe bakin falankan, ya manna shi da gam daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya ɗora saman a kan firam, ya shafa gam, ya ɗaure da sukuru zagaye. An yi wa fuskar sama feshi sau uku har tana ɗaukar ido. Ƙasan kuwa ba a shafa masa komai ba, tunda babu mai leƙawa.

An kai tebur a ƙarshen Satumba. Alhaji ya yaba, ya cika kuɗi. Falankan kabad masu inci 1 aka jingine su a ɗakin ajiya, domin aikin biki ya taso, aka ɗage kabad.

Disamba: tsagewa

A tsakiyar Disamba, bayan iskar hunturu ta yi kwanaki tana kaɗawa, mutanen gidan suka ji ƙara da dare daga falo. Da safe Alhaji ya buga waya: "Malam, zo ka ga teburinka."

Ga abin da kafintan ya tarar. Tsaga ɗaya ta taso daga ƙarshen tebur ta shiga ciki santimita 70, faɗinta a baki milimita 6. Wata ƙarama, milimita 4, a ɗaya ƙarshen. Katakan da aka gitta sun zarce gefen tebur kaɗan ta kowane ɓangare, har yatsa yana karo da su. Da ya ɗora doguwar rula a faɗin teburin, sai ya ga tsakiya ta yi ɗan doro. Tsawon teburin kuwa yana nan 240, ko motsi bai yi ba.

Ya ɗauka mugun katako aka sayar masa, ko kuma gam ɗin ne jabu.

Janairu: cikewa da ɗaurewa

Gyaran farko shi ne wanda kowane kafinta zai fara yi. Ya kwaɓa garin maɗaci da gam, ya cusa a tsagar, ya goge da samfefa, ya sake feshi. Don kada ta ƙara buɗewa, ya sa maƙerin walda ya yanko masa ƙarafa uku masu faɗi, ya gitta su a ƙasan teburin, ya ɗaure kowane falanki a jikinsu da sukuru biyu.

Gyaran bai kai mako biyar ba. Cikon ya rabu da gefe ɗaya, tsagar ta koma milimita 9. Sabuwar tsaga ta fito a inda falanki na biyu da na uku suka haɗu, daidai tsakanin sukuru biyu na ƙarfen tsakiya. A Maris, da aka haɗa faɗin tsagogin da abin da katakan ƙarshe suka zarce, abin da saman teburin ya rasa a faɗinsa ya kusa santimita 2.

Fabrairu: shanya a rana

A nan ya fara zargin danshi. Ya yi wa Alhaji alkawarin sabon sama kyauta, ya sayo falanki tara, ya jingina su a tsaye a jikin katangar da rana ke duka tun hantsi, kamar yadda ake gani a shaguna da yawa.

Kwana goma kawai suka yi. Bakunan falankan suka dare, wasu har tsawon kamu ɗaya. Fuskar da ke kallon rana ta cika da ƙananan tsagogi kamar kaushin ƙafa. Huɗu daga ciki suka murɗe, ba su moruwa sai dai a yanka su gajeru a yi ƙafafun kujera. Da ya yanka ɗaya a tsakiya, bayan ya bushe ƙayau, cikin kuwa da sanyinsa. Ya dakatar da batun sabon sama. Alhaji ya ce a shimfiɗa wa teburin ƙyalle, a ci gaba da amfani da shi, a yi masa kabad tukuna.

Maris zuwa Agusta, shekara ta biyu: kabad

Falankan inci 1 sun yi wata bakwai a ɗakin ajiya, sun ratsa hunturu gaba ɗaya a inuwa. Sun yi sauƙi a hannu, in an ƙwanƙwasa suna amo. Wannan karon ya tabbata da busasshen katako yake aiki, don haka ya zage ya nuna gwaninta. Allon tsakiyar kowace ƙofa, mai faɗin santimita 40, ya shigar da shi cikin firam cif, ya manna shi zagaye. Durowa kuma, mai tsayin santimita 18, ya bar mata sararin da bai fi milimita 1 ba, tana shiga tana fita sumul. Na ga kabad ɗin kafin a kai shi, kuma ni ma na yaba.

Har ƙarshen Yuni babu ƙorafi. A Agusta durowa biyu suka ƙi buɗuwa, ta ukun sai an sa ƙarfi. Allon ƙofar hagu ya ture firam ɗinsa har mahaɗar kusurwar sama ta buɗe, ta dama kuma ta kumbura ta daina rufuwa. A daidai lokacin, tsagogin tsohon tebur sun matse da kansu, suka tunkuɗo ragowar cikon waje.

Wannan ne ya fi ɗaure masa kai. Ya yi da ɗanye ya tsage, ya yi da busasshe ya kumbura.

Satumba: awo

Akwai wani dattijo a unguwarsu da ya koyar da aikin katako a makarantar koyon sana'a har ya yi ritaya. Kafintan ya je ya gaishe shi, ya kwashe labari ya faɗa masa. Dattijon bai ce komai game da gam ko mai sayar da katako ba. Tambayarsa ita ce: "Da ka saya, ruwa nawa ne a cikinsa?"

"Baba, ai ba a iya sani."

"Ana iyawa. Nemo sikeli."

Suka sayo sababbin falankai takwas masu inci 2. Daga guda uku suka yanki 'yan gutsattsari, ba daga baki ba, sai da suka shiga ciki kamar santimita 30, domin baki ya fi saurin bushewa, zai yi ƙarya. Suka auna kowane a ƙaramin sikelin lantarki, suka sa a tanda mai zafin da ya ɗan haura digiri 100, suna fitarwa suna aunawa har nauyin ya daina raguwa. Na farko ya shiga da giram 143, ya fito da 120. Bambancin, wato 23, aka raba da busasshen nauyin: kashi 19 cikin 100. Na biyu ya ba da 24, na uku 31. Duka daga tari ɗaya aka zaɓo su, kuma ido bai bambanta su ba.

Bayanin da dattijon ya yi masa shi ne wannan. Katako yana shan danshi daga iska, yana kuma mayar mata, har sai sun daidaita. Muddin ruwan cikinsa ya haura wajen kashi 28 zuwa 30, bushewa ba ta taɓa girmansa. Daga nan zuwa ƙasa ne yake fara tsukewa, kuma a faɗi da kauri yake yi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A Kano, danshin iska a Agusta yakan kai wajen kashi 80, wanda ke kai katako kusan kashi 15 zuwa 16. A ƙarshen hunturu kuma yakan sauko ƙasa da kashi 20, katako ya nufi kashi 4 zuwa 5. Tazarar kusan maki 10 ke nan duk shekara, sama da ƙasa. A garuruwan kudu da ke kusa da teku, inda iska ke da laima kusan kullum, tazarar ba ta kai haka ba, shi ya sa katakon da ya zauna lafiya a Sapele yana iya darewa a Kano.

Don kafintan ya gani da idonsa, dattijon ya sa aka karɓo tsohon teburin, aka yanko siririn yanki daga samansa, a gicciye, ya ratsa falankan biyar. Aka sake manna inda ya tsage, aka rataye shi a bangon shago, gefe ɗaya a tokare da ƙusa, ɗaya gefen a sake. Ranar ɗaya ga kowane wata ƙaramin yaron shagon yana zana layi da fensir a inda bakin ya tsaya. Daga Satumba zuwa Maris layukan suka yi ta ja da baya, har tazarar ta kai santimita 1.4. Da ruwa ya sauka suka fara komawa. Yankin yana nan a bangon har yanzu, kuma duk sabon yaro da ya zo koyon aiki, nan ake fara kai shi.

Oktoba zuwa Maris: jera katako a inuwa

An share gefe ɗaya na rumfar. Aka dasa bulo, aka gitta katakai masu ƙarfi a kai, tarin ya tashi daga ƙasa kamar santimita 40 saboda gara da laimar ƙasa. Tsakanin kowane falanki da na samansa aka sa busassun sanduna masu kaurin santimita 2, tazarar santimita 50, kowace daidai saitin ta ƙarƙashinta. In sandunan suka kauce wa juna, nauyin sama zai lanƙwasa falankin ƙasa, ya bushe a lanƙwashe. Bakunan falankan aka shafe su da ragowar fentin mai, shafi biyu, domin ruwa ya fi saurin fita ta baki, kuma nan tsaga ke farawa. A can sama aka ɗora bulo shida.

Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne da hunturu ya kama, dattijon ya sa aka kafa zana a ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke shigowa. Babban yaron ya ce, "Oga, ba bushewa muke nema ba? Ya za mu tare iska?" Amsar tana cikin falankan Fabrairu. In bayan katako ya bushe ya tsuke alhali cikinsa yana cike da ruwa, cikin ba zai ba shi hanya ba, dole fatar ta yage. A Kano matsalar katako mai kauri ita ce saurin bushewa, musamman a makonnin farko.

Falanki ɗaya gajere, wanda aka ƙiyasta danshinsa kashi 24, aka ware domin awo duk Asabar. Ya fara da kilo 9.6. A tsakiyar Maris ya tsaya a 8.3, ya yi mako uku bai ragu ba, wato wajen kashi 7. A cikin falankai takwas, ɗaya ne kawai ya murɗe, sauran kuma abin da aka yanke a bakinsu bai wuce yatsa uku ba. A wannan lokacin ya sayi na'urar auna danshi mai allura biyu. Tana da amfani ƙwarai a kasuwa kafin a biya kuɗi, amma irin waɗannan ba sa karanta abin da ya yi ƙasa da kashi 6 da kyau, don haka a bazara sikeli ya fi ta gaskiya.

Afrilu, shekara ta uku: sabon sama

An fara fere falankan sama-sama, ta fuska biyu daidai wa daida, aka sake jera su mako biyu, sannan aka yi ferewar ƙarshe. Ya duba layukan shekaru da ke bakin kowane falanki, ya fifita waɗanda layinsu ya miƙe daga fuska zuwa fuska, domin motsinsu a faɗi bai kai na masu layi a kwance ba, kuma ba su cika yin doro ba. Da sassafe aka manna su, kafin zafi ya tashi, saboda a busasshiyar iska farin gam yana yin fata kafin a gama matsewa.

Babban canjin yana wajen ɗora saman a kan firam. Ba a sa gam ko ɗigo ba. Sukuru biyu ne kaɗai aka ɗaure tamau, a layin tsakiya, ɗaya a kowane ƙarshe. Sauran riƙon da 'yan katakai masu harshe aka yi shi: an sassaƙa dogon kwarmi a cikin firam, harshen yana shiga kwarmin, jikin kuma a ɗaure shi da saman tebur. Suna danne saman teburin a kan firam, amma suna barinsa ya zame gefe. Tunda a lokacin katakon yana kan iyakar tsukewarsa, duk sararin ta ɓangaren faɗaɗa aka bar shi, santimita 1 a kowane dogon gefe.

Katakan ƙarshe ma an dawo da su, domin Alhaji yana son kamannin. Sai dai yanzu bakin falankan yana da harshe da ke shiga kwarmin katakon, gam a tsakiya kawai, faɗin tafin hannu. Daga nan zuwa gefe turakun katako ne ke riƙewa, kuma ramukansu a jikin harshen an ja su sun yi tsawo domin su ba da hanya. Ya yi katakan ƙarshen sun zarce gefen tebur da milimita 5 ta kowane ɓangare, ya kuma gaya wa Alhaji tun kafin a sauke daga mota: "Alhaji, wannan da gangan ne. In damina ta yi tsakiya za ka ga ya shafe." Feshi sau uku a sama, sau uku a ƙasa, da bakuna.

Kabad ma an gyara shi. Aka warware ƙofofin, aka yi wa firam kwarmi mai zurfin santimita 1.2, aka rage faɗin allon, aka yi masa feshi shi kaɗai kafin a shigar, don kada farin layi ya bayyana in ya tsuke. Yana zaune a kwarmin ba gam, sai 'yar ƙusa ɗaya a tsakiyar sama, ɗaya a tsakiyar ƙasa. Durowa kuwa sai da aka jira Agusta, lokacin da suka gama kumbura, aka fere su daidai yadda za su zame, aka goga musu kyandir.

Sakamako

Teburin ya ga damina biyu da hunturu biyu tun daga nan. Faɗinsa a Maris santimita 100, a ƙarshen Agusta 100.9. Motsin bai kai na yankin da ke bangon shago ba, domin feshi yana rage saurin shiga da fitar danshi, ko da yake ba ya hana shi. Babu tsaga, in ban da wani siririn layi mai tsawon santimita 5 a bakin mahaɗa ɗaya, wanda ya fito a hunturun farko bai kuma ƙaru ba. Ƙofofin kabad suna rufuwa duk shekara. Durowar ƙasa har yanzu tana ɗan nauyi a Agusta.

Asarar da ya yi: saman tebur guda, falanki huɗu, ladan aiki na makonni, da mai saye biyu da suka ƙi jiran wata shida suka tafi wani shagon.

Abin da nake gani

Ban ga laifin gam ba, kuma maɗacin ba shi da aibi. Kuskure biyu ne suka haɗu, kuma gyara ɗaya bai isa ba, kabad ɗin ya nuna haka. Na farko, an yi aiki da katako mai danshin da ya ninka abin da falon Alhaji zai bar masa a hunturu. Na biyu, wanda na fi ba nauyi, an ɗaure faɗin katako a jikin abin da ba ya motsi: katakon da aka gitta, firam, daga baya kuma ƙarfe. Ƙarafan Janairu su ne mafi muni a cikin duk abin da aka gwada, domin sun ƙara ƙarfin abin da ya haddasa tsagar tun farko. Ina da yaƙinin cewa da an yi haɗin farko da 'yan katakai masu harshe, ko da ɗanyen katakon ne, teburin zai rasa santimita 2 a faɗi, wataƙila ya ɗan yi doro, amma da wuya ya dare haka.

Rashin feshi a ƙasa ya taimaka wajen doron, amma ƙaramin abu ne kusa da waɗancan biyun.

Abin da ya fi wuya ga ƙaramin shago shi ne jari. Ajiye katako wata shida kuɗi ne a kwance, ga wuri, ga mai saye da ke son kaya kafin ranar biki. Ban ga laifin wanda ya zaɓi fulawud mai kyau domin allon ƙofa ko bayan kabad ba, sau da yawa shi ne daidai a yanayinmu. Shi dai wannan kafinta yanzu yana sayen katakon shekara a Oktoba, kuma ba ya karɓar aikin zallar katako sai in akwai busasshe a tari. A jikin kowane falanki yana rubuta ranar da ya shigo da abin da na'ura ta nuna, kuma kafin ya yanke sararin durowa ko allon ƙofa, yakan ɗaga kai ya duba inda layin fensir ya tsaya a bango a wannan watan.